Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Likitocin Ƙoda Da Masana Abinci: "A Rage Masa Gishiri" Bai Ishe Mu Ba

Zuwa ga likitocin ƙoda, da ma'aikatan jinya na ɗakunan wankin ƙoda, da masana abincin marasa lafiya da ke asibitocinmu na Arewa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi muku sannu da aiki. Na zauna a bencin jiran likita sau da dama, na ga yadda mutum ɗaya a cikinku yake duba layin da ba a hango ƙarshensa, tun hantsi har la'asar, wani lokaci ko ruwa bai kurɓa ba. Allah Ya saka muku da alheri. Ba ƙorafi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wata jumla ce guda ɗaya da kuke yawan faɗa, wadda na ga tana isa kicin ɗinmu da wata ma'ana dabam da wadda kuka nufa, kuma na ga abin da hakan ya jawo a gidanmu da idona.

Ni malamar makaranta ce, kuma ni nake yi wa mahaifina girki tun rasuwar mahaifiyarmu. Baba ya daɗe yana fama da hawan jini. Ranar da gwaji ya nuna ƙodarsa ta yi rauni, Yayana ne ya raka shi asibiti, ni ina aji. Da yamma suka dawo da leda cike da magani, da saƙo ɗaya gare ni: "Likita ya ce a rage masa gishiri." Na ce to. A daren nan na ɗauke gwangwanin gishiri daga kusa da murhu, na kai shi can saman kanta. Washegari na yi miyar kuka ba gishiri ko ƙwaya ɗaya. Baba ya kai loma biyu, ya ture kwanon, ya ce shi ba zai ci lami ba. Kwana uku muna haka, tsoho yana ta ramewa a gabana. Sai na yi abin da kowace mace za ta yi idan miya ta ƙi daɗi: na ƙara dunƙule. A da shida nake sakawa a tukunyar mutum takwas, sai na mayar da shi goma. Na kuma ajiye masa kwalbar yaji a gefen tabarma, don ya riƙa barbaɗawa. Baba ya koma cin abinci, ni kuma hankalina ya kwanta, ina ganin na bi maganar likita sau da ƙafa.

Ba a yi wata biyu ba takalminsa ya daina shiga. Idan ka danna ƙaurinsa da yatsa sai gurbin ya zauna. Daga nan ya daina iya kwanciya sai an tara masa matasan kai, numfashi yana yi masa wuya da dare. Aka kwantar da shi. A kwana na biyu wata ma'aikaciyar jinya, Allah Ya yi mata albarka, ta tsaya ta tambaye ni me nake sa masa a miya. Na ce mata da ƙarfin gwiwa rabonsa da gishiri tun ranar da aka hana. Ta ce, "Magi fa?" Na gaya mata. Ta ce, "Yaji fa? Kanwa fa?" Tana tambaya jikina yana sanyi. Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

Ga inda matsalar take, ranku ya daɗe. Idan kun ce gishiri, sinadarin sodiyam kuke nufi, ko daga ina ya fito. Idan mai girki ta ji gishiri, farin garin nan na cikin gwangwani kawai take ganewa. A wurinmu dunƙule ɗanɗano ne, yaji yaji ne, kanwa kuwa ko cikin kayan ɗanɗano ba ma lissafa ta. Kowane da sunansa, kowane da mazubinsa. Saboda haka mace za ta iya rantsewa cewa ba ta sa wa mijinta gishiri, kuma gaskiyarta ta faɗa, alhali sodiyam ɗin da yake ci ya fi na da yawa.

Daga baya na zauna na yi lissafin da ya kamata a ce na yi tun farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai miligiram 2,000 na sodiyam a yini, wato ƙasa da giram 5 na gishiri, abin da bai cika cokalin shayi ɗaya ba. Ƙungiyar masana ƙoda ta duniya da ake kira KDIGO, a ƙa'idojinta na 2024, wannan adadin ta tsayar wa masu ciwon ƙoda. Shi kuwa ƙaramin dunƙule mai nauyin giram 4, wanda muke kira magi ko na wane kamfani ne, kusan rabinsa gishiri ne. Duk wanda ya duba jerin kayan haɗin da ke jikin ledar zai ga gishiri ne a sahun farko, kuma ƙa'idar rubutun ita ce a fara da abin da ya fi yawa. To goma da nake jefawa sun kai giram 20 na gishiri ke nan. A raba wa mutum takwas, kason Baba giram biyu da rabi ne a miya ɗaya. Rana da dare, ya cinye giram biyar ɗinsa cif, tun ba a zo kan yaji ba, ba a zo kan biredin safe ba, ba a zo kan kanwar da ke cikin tuwo da miyar ba. Ba na ɗora wa wani kamfani laifi a kan wannan. Hannuna ne ya ɓare su. Amma da a ranar farko an ce wa Yayana "dunƙule uku sun fi ƙarfin gishirin yini guda", da ban yi abin da na yi ba.

Farin magi ma yana ɗauke da sodiyam, sai dai nasa wajen kashi 12 cikin ɗari ne, na gishiri kuwa kusan kashi 40. Da a madadin gishiri ake sa shi, da an samu ragi. Mu kuwa ɗori muke yi: gishiri, sannan dunƙule kala biyu ko uku, sannan farin magi, sannan garin ɗanɗano na leda mai sa miya ja ko mai ƙamshin kaza, wanda shi ma gishiri ne jigonsa. Hatta wasu haɗe-haɗen kori da kayan ƙamshi na kanti da gishiri a ciki.

Ina roƙonku ku tsaya a kan yaji, domin a ganina shi ne ya fi ɓoyewa. Babu gidan Bahaushe da babu shi. Akwai yajin ƙuli, akwai na tafarnuwa, akwai na daddawa, akwai na citta, kuma kowanne sai an daka shi da gishiri da dunƙule da farin magi, in ba haka ba a ce bai yi ba. Shinkafa da wake da mai da yaji ake ci. Haka ɗan wake, haka awara, haka dafaffen ƙwai, rogo, gurasa, dambu, kwaɗon zogale. Ba a auna shi, da yatsu ake ɗiba, kuma mai ci ne da kansa yake zubawa bayan mai girki ta gama nata. Marar lafiyar da aka kawo masa abinci lami, abu na farko da zai nema shi ne yaji, kuma babu wanda zai hana shi, don likita bai ambaci yaji ba. Sannan ga 'yan dubiya. Mutumin kirki ya zo gaida marar lafiya, ba zai zo hannu rabbana ba, sai ya tsaya wurin mai tsire ko mai balangu, a bulbula masa yaji a takarda. Wani kilishi zai kawo don girmamawa, shi kuwa kilishi an tsoma shi a labu mai gishiri da dunƙule, an shanya, ruwan ya tafi ya bar gishirin. Wata farfesu za ta aiko da shi don ya buɗe masa baki. Na ga ana ba mutum tsire a kan gadon asibiti, kumburi har cinya, kuma masu ba shi ƙauna ce ta sa su. Tsoho kuma ba zai mayar da hannun kyauta baya ba. Idan ni na hana, an ce na cika tsanani. Idan likita ya faɗa a gaban dangi, magana ta zauna.

Sai kanwa, uwar gami. Muna sa ta a miyar kuka da kuɓewa da karkashi don yauƙi, muna sa ta a wake don ya yi saurin nuna, ga ɗan wake, ga tuwon dawa, ga ƙullun waina, ga kashe tsamin yakuwa da tumatir, ga kunun kanwa kansa da ake dama wa marar lafiya da mai jego. Sunan da ake kiranta da shi a Turance, fotash, yana sa har masu ilimi su ɗauka fotasiyam ce, wato wani sinadari dabam da sodiyam. Alhali kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, galibin abin da ke cikinta sodiyam ne, dangin sodar da ake sa wa fulawa. Ba ta da ɗanɗanon gishiri irin wanda harshe ya sani, shi ya sa ba ma zarginta. Abin da ya fi damuna shi ne a gidajenmu kanwa magani ce. Ciwon ƙoda idan ya yi nisa yana zuwa da tashin zuciya da ɗacin baki, sai tsohuwa ta jiƙa ungurnu ko jar kanwa ta ba shi ya sha don ƙwannafi, safe da yamma. Na san ku ma kukan rubuta wa wasu ƙwayar soda idan jininsu ya yi tsami, amma wannan da awo ne, bayan gwaji, kuna sane da abin da kuka ba shi. Kofin ruwan kanwa ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Ita kanta sodar girki, cokalin shayi ɗaya nata ya haura miligiram 1,200 na sodiyam, fiye da rabin kason yini, ga shi yanzu mata da yawa sun koma sa ta a wake a madadin kanwa suna ganin ci gaba ne. Manda, da kantu na Bilma, da jan gishirin da ake tallarsa a intanet da sunan na dutsen Himalaya, duk gishiri ne, duk sodiyam ne, kuma na sha jin ana cewa su "ba sa tayar da hawan jini".

Akwai tarko na biyu da ya fi wannan haɗari, kuma mutum yakan faɗa cikinsa ne daidai lokacin da ya fara wayewa. Da na daina kanwa, wata maƙwabciya ta ce in koma ruwan toka, shi ne na iyaye da kakanni. Wani ɗan'uwa kuma ya aiko daga Abuja da gwangwanin gishirin masu hawan jini, mai tsada. Allah Ya sa na tambaya kafin in buɗe. Tokar kara da ta itace cike take da fotasiyam, shi ma wancan gishirin an cire wani ɓangare na sodiyam ɗinsa ne aka maye da fotasiyam. Mai lafiyayyar ƙoda zai fitar da shi a fitsari. Wanda ƙodarsa ta gaza, taruwa yake yi a jini, kuma yana iya tsayar da zuciya ba tare da wata alama ta gargaɗi ba. Magungunan hawan jini irin su lisinopril da losartan, waɗanda kuke yawan ba masu ciwon ƙoda, su ma suna riƙe fotasiyam a jiki. Ko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawararta a watan Janairun 2025 a kan amfani da irin wannan gishiri, ta ware masu matsalar ƙoda daga ciki. Mai kanti ba zai gaya wa mai saye wannan ba. Daga bakinku kawai za mu ji.

Sai da aka kwantar da Baba sannan na fahimci dalilin hanin, kuma ina ganin da ana faɗin dalili da an fi kiyayewa. Ƙoda ce take tace sodiyam ta fitar da rarar. Idan ta yi rauni sai ya zauna a jiki, shi kuwa duk inda ya zauna sai ya jawo ruwa. Ruwan nan shi ne kumburin ƙafa da fuska, shi ne yake ƙara hawan jini, shi ne yake taruwa a huhu har mutum ya kasa kwanciya. Hawan jinin kuma ya koma ya ƙara lalata ƙodar. Yawan sodiyam yana rage ƙarfin maganin hawan jinin da muke saye da tsada, yana kuma ƙara zubar furotin a fitsari, wanda muke gani kamar kumfa. A ɗakin da muka kwanta akwai masu wankin ƙoda, kullum ana yi musu faɗa sun sha ruwa da yawa, nauyinsu ya hau tsakanin wanki da wanki. Wani dattijo na ji yana cewa, "Likita, wallahi ƙishirwa ce." Gaskiya ya faɗa. Mutumin da ya ci miya mai dunƙule goma a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba wa'azin da zai raba shi da randa. Gishirin ne yake kiran ruwan. Idan kuma ruwa ya taru, na'ura ta zo cirewa da yawa a zama ɗaya, sai jiri, sai ɗaurewar ƙafa, sai jini ya faɗi. Duk wannan wahalar daga tukunya ta faro.

Bari in gaya muku abin da ya yi mana aiki, ko zai amfani wata, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tukunya biyu ba ta yiwuwa a yawancin gidaje, ga tsadar gas, ga tsadar gawayi. Abin da nake yi shi ne in haɗa miya har ta nuna ba gishiri ba dunƙule ba kanwa, in ɗebi ta Baba a ƙaramar tukunya, sannan in gyara ta sauran. Ita ma ta sauran na rage mata sosai, don hawan jini a danginmu yake. Masaniyar abinci da muka samu daga baya ta yanka wa Baba rabin cokalin shayi na gishiri a yini, bisa ga gwaje-gwajensa. Kowace safiya nakan auna shi a wani ɗan murfi, in ajiye. Daga nan za a ɗiba har dare, in ya ƙare ya ƙare. Ranar da na sa masa dunƙule ɗaya, to murfin ba ya fitowa. Na kuma lura idan aka barbaɗa ɗan gishirin a saman abinci lokacin ci, harshe ya fi jin sa fiye da a narkar da shi a tukunya.

Ɗanɗano kuwa ashe muna da shi tun kafin dunƙule ya shigo kasuwanninmu. Albasa idan aka soya ta a hankali har ta yi ja, rabin aikin ya ƙare. Ga tafarnuwa, ga ɗanyar citta, ga masoro da kimba da kanumfari da diyar miya, ga ɗoɗɗoya da lawashi da gabu, ga attarugu don ƙamshi. 'Yar matsar lemun tsami a kan kifi ko dafa-duka tana sa a manta da gishiri. Uwa uba daddawa, wadda kakarmu ba ta san wani ɗanɗano ba bayan ita. Wurin mai yin ta nake saye, in tambaye ta ko ta sa gishiri, don wasu suna sawa saboda kada ta lalace. Wake jiƙa shi nake yi tun dare, in zubar da ruwan, sai ya nuna ba kanwa. Ɗanyar kuɓewa idan aka goga ta da laushi, ba a bar ta ta daɗe a wuta ba, tana yauƙinta. Busasshen kifi nakan jiƙa shi a ruwan zafi in tsiyaye. Yajin Baba ni nake daka masa dabam: barkono, citta, tafarnuwa, masoro, shi ke nan, kuma kwalbarsa ba ta haɗuwa da ta gida. Taliyar yara ta leda, wadda jikokinsa suke ɗiba masa, na hana, don ɗan ƙullin garin da ke ciki shi kaɗai yana cinye babban kaso na yini.

Makonni biyun farko sun yi wuya ƙwarai. Baba ya yi fushi, ya ce na mayar da shi ɗan kurkuku a gidansa. Na sha kuka a kicin. A mako na uku ya daina tambayar kwalbar yajin gida. Bayan wata biyu aka kawo mana abincin suna daga maƙwabta, ya ɗanɗana, ya ce wannan ai gishiri ya yi masa yawa. Harshe yana sabawa, amma sai an gaya wa mutane zai saba, an kuma gaya musu makonni zai ɗauka. In ba haka ba, a kwana na uku za su sare, kamar yadda na sare a karon farko. Kuma tsoron da muke ji ba na banza ba ne: tsohon da ya ƙi cin abinci ramewa zai yi, ita ma ramar tana kashe mai ciwon ƙoda. Akwai kuma waɗanda kuka sani ƙodarsu zubar da gishiri take yi, ko wanda amai da gudawa suka kama, waɗanda hana su gaba ɗaya cutarwa ce. Shi ya sa awo muke nema daga gare ku, na kowane marar lafiya da nasa, a cokali da ƙwayar dunƙule.

Roƙona na farko bai buƙatar ko kwabo. Ku riƙa tambaya, "Wa ke yi masa girki?" Sannan ku ce a zo da ita. A al'adarmu namiji ne yake raka namiji wurin likita, ɗa ko ƙane ko aboki, wanda bai taɓa ɓare dunƙule ba. Ita kuwa mai riƙe da ludayin tana gida, saƙo yana iso mata guntu. A gidan da ake karɓa-karɓar girki, kowace mai ranar girki tana buƙatar ta ji da kunnenta. Idan ba za ta iya zuwa ba, a kira ta a waya a gabanku, minti uku ya isa.

Sannan ina ganin ya kamata a ce kowane ɗakin duba masu ciwon ƙoda yana da faranti ɗaya a kan tebur, ɗauke da ainihin kayan: dunƙule, farin magi, garin ɗanɗano, gutsuren kanwa, soda, ƙullin yaji, manda, gwangwanin gishirin masu hawan jini, da cokalin shayi. A ɗaga kowanne a nuna. Takardar da aka ba mu a wani asibiti da Turanci take, an yi gargaɗi a kan naman alade mai gishiri da cukuwi irin na Turawa da zaitun na kwalba, abubuwan da Baba bai taɓa gani ba a rayuwarsa, amma babu kanwa, babu yaji, babu kilishi. A rubuta tamu da Hausa, da boko da ajami, da hotuna. A naɗi muryar masaniyar abinci a tura wa masu jinya ta WhatsApp, domin matan da ba sa karatu suna sauraro. Ranar Ƙoda ta Duniya, Alhamis ta biyu a watan Maris, ku shiga gidajen rediyo da wannan farantin a gabanku, ku kira kowane abu da sunansa. Kafin azumi da babbar salla ma a yi haka, lokacin da kunun kanwa da soye-soye da naman da aka yi wa gishiri don ajiya suke cika gida.

Akwai abin da ya fi ƙarfinmu amma bai fi ƙarfin ƙungiyoyinku ba. A watan Maris na 2025 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idar rage sodiyam ta ƙasa, da burin rage cinsa da kashi 30 cikin ɗari. Ina fatan za ku matsa wa NAFDAC lamba a kan yadda ake rubuta bayani a jikin kaya. Yanzu sodiyam ake rubutawa a kan kowane giram 100, da ƙananan haruffa, a jikin babbar leda, alhali mu a wurin mai tebur muke sayen dunƙule ɗai-ɗai. Ni da nake koyarwa ma sai da aka nuna mini cewa ninka adadin sodiyam ake yi sau biyu da rabi kafin a san gishirin. Me zai hana a zana a jikin leda cewa ƙwaya kaza daidai take da cokali ɗaya na gishiri? Haka kuma tun 2024 ake maganar ƙara wa dunƙule sinadarai masu gina jiki don yaƙi da tamowa. Niyya ce mai kyau, amma idan talla ta fara cewa dunƙule yana ƙara jini, matar da take jinyar mai ciwon ƙoda za ta ƙara hannu. Muryarku ake buƙata a teburin da ake yanke irin wannan shawara. Jami'o'inmu kuma su auna mana kayanmu na gida, kanwa kala-kala da daddawar kalwa da ta batso da yajin kasuwa, don masanan abinci su samu alƙaluman da za su ba mu awo da su. Har yau nawa ne daidai na daddawa ga mai ciwon ƙoda, ganin tana da fotasiyam da fosfaras, sinadaran da kan taru a jini idan ƙoda ta gaza, tambaya ce da kowace mai jinya a bencinmu take yi.

Ku kuma leƙa abin da ake sayarwa a ƙofar asibiti da abin da ke shigowa a kula lokacin ziyara. Marar lafiya yana kwance ana ba shi allurar fitar da ruwa, abincin da ke gefen gadonsa yana mayar da ruwan.

Na san ciwon ƙoda yana da musabbabai da yawa: hawan jini, ciwon suga, shan magungunan kashe ciwo barkatai, jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba. A Gashuwa da Nguru da Jakusko da Haɗeja, inda ciwon ya addabi jama'a, masu bincike suna kan aikin gano tushensa, kuma ban ce gishiri ne ya kawo shi ba. Amma ko mene ne ya raunana ƙoda, sodiyam nauyi ne a kanta, kuma shi ne ɓangaren jinyar da yake hannun talaka. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda a wasu asibitocinta daga naira 50,000 zuwa 12,000. Mun gode. Sai dai wanda ake yi wa sau uku a mako zai biya 144,000 a wata, ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na 70,000 har da ɗori, ban da magani da ƙarin jini da kuɗin mota. Baba bai kai ga wanki ba tukuna. Kumburin ya sauka, yana sa takalminsa ya tafi masallaci, awon jininsa ya daidaita har an rage masa ƙwaya ɗaya. Kowane wata da muka samu a haka, babban abu ne a gidanmu.

Ranar da za mu koma ganin likita, in Allah Ya kai mu, ni zan raka shi, na riga na nemi izini a makaranta. Zan zo da 'yar leda mai ɗauke da dunƙule da kanwa da daddawa da yajin da na daka, in ɗora a kan tebur in yi tambayoyina. Matan da muke haɗuwa a benci, su huɗu, sun ce su ma za su zo da nasu. Ina roƙon duk wanda muka tarar a cikinku ya ba mu minti goma.

Wassalam.

Taku,
Wata mai jinyar mahaifinta, daga Kano.